Daga Zango Zuwa Gefen Abuja: Zaɓen Mazauni Yayin Ƙaurar Iyalin Ma'aikaci Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ma'aikaci Bahaushe yake zaɓen wurin zama idan aiki ya kai shi Abuja tare da iyalinsa. Ta fara da bayanin tsarin zango da na maigida, waɗanda a da suke ɗauke wa baƙo nauyin wannan zaɓe, sannan ta nuna yadda aka tsara Abuja ba tare da an tanadi makwafinsu ba. Daga nan ta fayyace hanyoyi uku da suke gaban ma'aikaci a yau: zama a cikin birni, zama a garuruwan gefe, ko barin iyali a gida. Maƙalar ta tsaya a kan cewa lissafin kuɗin haya da na mota kaɗai yana barin babban ɓangare na asarar a ɓoye, domin sana'ar matar gida da zumuntarta da tarbiyyar yara duk sun rataya ne a kan unguwa.

1.0 Gabatarwa

Takardar canjin wurin aiki sunan mutum ɗaya take ɗauka, amma gida guda take tayarwa. Daga ranar da ta iso, maigida yana da tambayoyi da dama a gabansa: wace unguwa, wane irin gida, wace makaranta, kuma shin a tafi da iyali yanzu ko a jinkirta. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadar wa ma'aikacin da aka canja wa wurin aiki alawus na kwana 28 na farko a madadin kuɗin masauki. Wannan wa'adi ya ishi mutum ya nemi ɗaki, amma bai ishe shi ya san unguwa ba.

Bahaushe ba baƙon ƙaura ba ne. Fatauci da cin rani da almajirci da aikin hajji ta ƙasa sun daɗe suna raba shi da garinsu. Abin da ya bambanta ƙaurar ma'aikacin zamani shi ne cewa zaɓen mazauni ya koma wuyan mutum ɗaya, bayan a da al'umma ce take yanke shi. Abuja ta fi kowane gari fito da wannan sauyi fili, shi ya sa aka ɗauke ta a matsayin misali.

2.0 Tsohon Tsari: Zango da Maigida

A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayari yana yada zango ne a wuraren da aka sani, kuma wasu daga cikin waɗannan wurare sun rikiɗe sun zama unguwannin dindindin. Mahdi Adamu ya yi bayanin yaɗuwar irin waɗannan al'ummomi a littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, kuma a shekarar ce Enid Schildkrout ta fitar da nata nazarin a kan Zangon Kumasi. Tun kafin su, Abner Cohen ya wallafa bincikensa a kan unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, inda ya nuna matsayin maigida a cinikin shanu da goro.

Maigida, ko fatoma, yana ba baƙo abubuwa uku a lokaci guda. Yana ba shi wurin kwana, yana tsaya masa a matsayin shaida a gaban waɗanda ba su san shi ba, sannan yana shigar da shi cikin jama'a: masallaci, kasuwa, da gidajen da za a yi hulɗa da su. Idan baƙo ya zauna da gindinsa ya aiko a kawo masa iyali, matarsa tana tarar da tsakar gida irin wadda ta baro, da mata masu harshenta. Saboda haka tambayar inda za a zauna ba ta cika tasowa ba, domin amsarta tana nan tun kafin a iso.

Mulkin mallaka ya kawo nasa rabon unguwanni. An ware wa Turawa wurin zamansu, aka kafa Sabon Gari domin baƙi daga kudu, aka kuma samar da Tudun Wada a gari irin Zariya domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Ma'aikacin En'e ko na gwamnatin Jihar Arewa kuwa sau da yawa gidan gwamnati yake tararwa. A nan ma hukuma ce ta zaɓa masa.

3.0 Abuja: Birnin da Aka Zana Kafin a Zauna

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar ne daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, yankin da Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suke zaune a cikinsa tun asali. Sunan Abuja kansa aro ne daga masarautar da Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa bayan jihadi, wadda aka sauya wa suna ta koma Suleja. An kammala babban tsarin birnin a 1979, kuma gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Tsarin ya raba birnin gunduma-gunduma, kamar Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, aka gina wa ma'aikata gidaje gwargwadon matakin albashinsu. Maƙwabtaka a nan matakin aiki ne ya haɗa ta, ba gari ɗaya ko sana'a ɗaya ba. Wannan ya dace da manufar birnin na zama na kowa da kowa, sai dai bai bar gurbin zango ba.

Babban sauyi ya zo ne a 2003, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mayar da haƙƙoƙin ma'aikata, har da na gida, zuwa kuɗi a cikin albashi. Bayan haka aka sayar da gidajen gwamnati da ke Abuja, a lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan yankin. A zamanin ne kuma aka rushe gine-gine masu yawa da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin, aka hana acaɓa a tsakiyarsa a 2006. Tun daga nan, sabon ma'aikaci ejan yake nema ba ofishin rabon gidaje ba, kuma ejan ba ya tsaya wa kowa shaida. Aikinsa ya ƙare da zarar an biya kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, haɗe da ladansa da kuɗin lauya.

4.0 Hanyoyi Uku da Ke Gaban Ma'aikaci

4.1 Zama a Cikin Birni

Amfanin wannan zaɓi a bayyane yake: kusanci da ofis, ruwan famfo, tituna masu kyau, da manyan asibitoci. Illarsa ta farko tsadar haya ce, wadda ta fi ƙarfin albashin matsakaicin ma'aikaci. Ta biyu kuwa fasalin gidan ne. Gidan Bahaushe na gargajiya yana da zaure da ke raba baƙi maza da cikin gida, yana da tsakar gida inda ake daka da girki da shanya da hira. Gidan bene mai ɗaki biyu da falo ba shi da ko ɗaya. Wannan yana yin nauyi musamman da yake duk wanda ya zauna a Abuja yakan wayi gari ya zama masaukin danginsa: mai neman aiki, mai bin fayil a ma'aikata, mai jiran biza, mai jinya. Ma'aikacin da bai sami fatoma ba shi da kansa ya zama fatoma, a gidan da ba a gina domin haka ba. Wasu sukan nemi sauƙi a tsofaffin ƙauyukan Gwari da birni ya kewaye, inda haya take da rangwame, amma fargabar rusau ba ta rabuwa da mazauna irin waɗannan wurare.

4.2 Zama a Garuruwan Gefe

Mafi yawan ƙananan ma'aikata da matsakaita a gefen birni suke kwana. Ta hanyar Kefi akwai Nyanya da Karu, sai Mararraba wadda take cikin Jihar Nasarawa. Ta hanyar Zuba akwai Kubwa da Dutsen Alhaji da Deidei, sai Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ta hanyar filin jirgin sama akwai Lugbe, sannan Kuje da Gwagwalada. A nan ne zango ya sake tsiro da kansa: unguwannin Hausawa, sarakunan Hausawa, masallatan Juma'a, makarantun allo da na Islamiyya, mahauta da masu shayi. Suleja ta fi sauran jan hankalin wasu iyalai domin tsohon gari ne mai sarki da fada da ginannun unguwanni.

Abin da aka rage a haya ana biyansa a hanya. Cunkoson hanyar Mararraba zuwa cikin birni sananne ne, har yakan sa ma'aikaci ya fita bayan sallar asuba ya dawo bayan isha'i, ya tarar da yaran da ya bari suna barci sun sake yin barci. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara wa wannan zaɓi nauyi, domin kuɗin mota na wata ya cinye wani kaso na ribar da ake samu daga arahar haya. Haka kuma ruwa a wurare da dama sai an saya daga 'yan garuwa.

4.3 Barin Iyali a Gida

Hanya ta uku ita ce maigida ya kama ɗaki ɗaya a Abuja, iyali su zauna a Kaduna ko Zariya ko Kano, yana zuwa ƙarshen mako ko ƙarshen wata. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da karin maganar da ke cewa gida biyu maganin gobara: idan aiki ya ƙare ko aka sake canji, ba a tayar da kowa ba. Buɗe layin dogo tsakanin Abuja da Kaduna a Yulin 2016 ya ƙarfafa wannan tsari, musamman da garkuwa da mutane ta addabi hanyar mota. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disambar shekarar, ya nuna cewa iyalin da aka raba biyu rayuwarsu tana rataye ne a kan lafiyar hanya. Ga mai mata fiye da ɗaya kuwa, tafiya da ɗaya da barin ɗaya yana taɓa rabon kwana da adalcin da shari'a ta ɗora masa.

5.0 Abin da Lissafi Yake Mantawa

Idan ana auna waɗannan hanyoyi, abin da ake ɗorawa a kan sikeli yawanci haya ce da kuɗin mota da kuɗin makaranta, wato abubuwan da suke fita daga aljihun maigida. Akwai wasu da ba sa shiga lissafin.

Na farko shi ne tattalin arzikin matar gida. Polly Hill ta ja hankali tun a 1969 ga cinikin da matan Hausawa suke yi daga cikin gidajensu, wanda ba a ganinsa a kasuwa, kuma Schildkrout ta nuna rawar da yara masu talla suke takawa a cikinsa a birnin Kano. Mai ƙosai ko ɗinki ko kitso ko sayar da atamfa bashi, jarinta na gaskiya shi ne matan da suka san ta suka amince da ita. Adashi da biki, wato musayar gudummawa a lokacin suna da aure, duk a kan wannan sanayya aka gina su. Ana iya loda keken ɗinki a mota, amma ba a iya loda masu kawo ɗinki. A rukunin gidaje mai shinge da maigadi, inda talla ba ta shiga, sana'ar takan mutu, ko ta koma kan wayar hannu idan matar tana da halin haka. Idan kuma ita ma ma'aikaciya ce a ƙarƙashin gwamnatin jiha, ƙaura tana iya nufin rasa shekarun da ta tara a aiki.

Na biyu shi ne taimakon dangi. Haihuwa da wankan jego da jinya da sulhu idan an saɓa, duk a gida akwai uwa ko gwaggo ko inna da za ta tsaya a kansu. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa ba ta kai wa inda sai an yi tafiyar yini.

Na uku shi ne harshe da tarbiyyar yara. Unguwa ce take yanke harshen da yaro zai yi wasa da shi. Wanda ya tashi a cikin birni ko a unguwa mai gaurayen ƙabilu yakan fi sakin baki da Ingilishi ko Turancin buroka, Hausarsa ta tsaya a ta gaisuwa da aike. Wanda ya tashi a unguwar Hausawa ta gefe yana riƙe harshen, ko da yake karin da yake ji cakuɗe ne na garuruwa daban-daban. Duk da haka, ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinsa za a tambaye shi, ta garin da wataƙila sai da salla yake ganinsa.

6.0 Kammalawa

Tsarin zango ya haɗa masauki da shaida da jama'a a wuri ɗaya. Kasuwar haya ta Abuja masauki kaɗai take sayarwa, sauran biyun kuma iyali ne suke nema da kansu. Kowace hanya daga cikin ukun tana ɗora nauyinta a kan wani: zaman birni a kan aljihu da walwalar matar gida, zaman gefe a kan lokaci da lafiyar maigida, rabuwa kuma a kan aure da tarbiyyar yara. Wannan ne ya sa iyalai da dama suke bin matakai, maigida ya riga zuwa, ya zauna wurin ɗan'uwa ko abokin aiki, ya san unguwa da masallacinta da ruwanta a damina da rani, sannan a taho da iyali a lokacin dogon hutun makaranta. Ga masu nazarin Hausa, unguwannin gefen Abuja fage ne da ya cancanci a bibiya: irin Hausar da yaran Mararraba da Kubwa suke yi, yadda adashi da biki suka koma kan waya, da matsayin sarakunan Hausawa a wuraren da babu ayari ko fatoma.