Idan Akwatin Ajiya Ya Ƙi Fitowa a Kwamfuta



Yayana mai ɗaukar hoton biki ne. Yana zuba hotunan a wani akwatin ajiya mai suna NAS, wanda ke haɗe da rawuta, wato na'urar raba intanet. Ranar Asabar aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, sai akwatin ya ƙi fitowa a kwamfuta, ga amarya tana jiran hotunanta. Ga abin da na koya.

Na farko, a duba ko fitilar akwatin tana ci, kuma wayarsa ta shiga rawuta sosai. A ɗan jira, domin ba ya tashi da sauri.

Na biyu, dole kwamfuta da akwatin su kasance kan rawuta ɗaya. Idan kwamfuta ta kama intanet ɗin wayar hannu, ba za ta gan shi ba.

Na uku, a Windows a mayar da layin gida daga Public zuwa Private, a kunna Network discovery.

Na huɗu shi ne matsalarmu. Rawuta tana ba kowace na'ura lambar IP, kamar lambar gida, kuma tana iya canza ta bayan ɗauke wuta. Yaya ya samo sabuwar lambar a shafin rawuta, ya rubuta ta a File Explorer bayan alamar \\, sai ga hotuna!

Don Allah kada a yi garajen goge akwatin. Sau da yawa kayan suna nan, hanya ce kawai ta ɓace.

Daga ɗalibi ɗan aji biyu.