Wa ke tarbar baƙon ɗalibi a jami'a?

Wanda ya taso daga Mainika ta ƙasar Gwarzo zai shiga Kano ta titin Gwarzo, sai ya gifta ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero kafin ya kai cikin gari. Tafiyar ba doguwa ba ce, amma yaron da ya samu gurbin karatu a can yakan ji kamar ya bar ƙasar. A gida kowa ya san ɗan wane ne, in bai fito sallar asuba ba a tambaya. A jami'a kuwa sunansa jambito, ba wanda ya san ko ya ci ko bai ci ba.

Galibi 'yan MSS ne ke fara tarbarsa, wato Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, marigayi Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. A lokacin yawancin makarantun boko na Kudu na mishan ne, yaran Musulmi na jin addininsu na zamewa, sai suka haɗa kai. Yau su ne ke nuna wa sabon ɗalibi inda ake rajista, su shirya ƙarin darasi gab da jarrabawa, su raba buɗa-baki da azumi. Kiristoci ma suna da tasu, FCS, wadda ta faro a Gindiri a 1957.

Yahudawan Amurka, waɗanda ba su wuce kusan kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, sun riga mu fuskantar wannan matsala, kuma yadda suka ɓullo mata ya cancanci a duba. A Jami'ar Illinois wani farfesa Kirista, Edward Baldwin, ya lura ɗalibansa Yahudawa ba su san littattafan addininsu ba, ya ja hankalin manyansu. Daga nan wani matashin malaminsu, Benjamin Frankel, ya kafa ƙungiyar Hillel a 1923, da sunan wani malamin Yahudawa na zamanin da. Hillel tana da gini da ma'aikata masu albashi a ɗaruruwan jami'o'i, kuma tana karɓar kowane Bayahude, mai ibada da wanda bai taɓa shiga wurin ibada ba.

Tsarin wata ƙungiyarsu mai suna Chabad ne ya fi jan hankalina. Jagoransu, Menachem Mendel Schneerson, wanda ya rasu a 1994, daga unguwar Brooklyn ta birnin New York ya riƙa tura malamai da matansu su tare a wasu garuruwa. Gidan farko na ɗalibai an buɗe shi kusa da Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1969. Malamin da matarsa ba wa'adi suke zuwa yi ba. Nan za su haihu, nan za su yi renon 'ya'yansu, kuma su da kansu ke neman kuɗin aikin a wajen iyayen yara da tsofaffin ɗalibai.

Ginshiƙin aikin tukunya ce. Ranar hutun Yahudawa tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, ba a hura wuta a cikinta, saboda haka uwargida tun da rana take gama girki. Gab da faɗuwar rana a kunna kyandir, a yi addu'a a kan burodi, ɗalibai su cika teburi ba tare da biyan ko sisi ba. Ga ɗalibin da ke kiyaye dokokin abincinsu, wanda ba ya cin alade, ba ya haɗa nama da nono, sai yankan da malamansu suka amince da shi, wannan gida na iya zama wuri ɗaya tilo da zai ci ya ƙoshi da kwanciyar hankali. Karatun addini na biyo baya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma ba wa'azin jawo wasu cikin addini suke yi ba, nasu da suka yi nisa suke nema. Shi ya sa in suka tare mutum a hanya, tambayarsu ta farko ita ce ko Bayahude ne.

A nan nake ganin giɓinmu. Shugabannin MSS ɗalibai ne, suna fama da nasu karatun, kuma kafin su gama sanin ƙannensu sun kammala sun tafi, wasu su faro daga tushe. Ƙoƙarinsu abin yabo ne, sai dai ɗalibi ba zai zama uba ga ɗalibi ba. Gwarzo da Kabo suna da ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a cikin Kano, wasunsu a Rijiyar Zaki suke zaune, dab da jami'ar. Da gida uku ko huɗu za su ɗauki nauyin tuwon daren Juma'a na yaran garinsu, ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma ta kawo sunayen sababbin shiga a farkon kowane zango, da an san yaron Mainika da bai biya kuɗin makaranta ba tun kafin a rufe rajista.