Sanyaya Kwamfuta da Ruwa: Haɗa Famfo da Fankoki Don Rage Ƙara

Duk wutar lantarkin da furosesa ta sha, zafi take komawa a ƙarshe. Furosesar kwamfutar ofis takan ci kimanin wat 65, amma manyan da ake tace fim ko buga wasannin zamani da su sukan haura wat 200 idan aiki ya yi nauyi. Core i9-13900K ta kamfanin Intel, alal misali, an yarje mata ta kai wat 253. Wannan zafin kuwa daga ɗan filin da bai kai santimita 5 a kowane gefe ba yake fitowa. Idan ba a kwashe shi da sauri ba, da zarar furosesa ta doshi digiri 95 ko 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace.

Shi ya sa masu haɗa manyan kwamfutoci suke sayen na'urar sanyaya ta ruwa, irin wadda ke zuwa a rufe daga kamfani, ba a ƙara mata ruwa. Da yawa suna saya ne don neman shiru, sai kuma su kunna su ji ɗaki ya cika da ƙugi. Galibi na'urar lafiyarta lau. Matsalar tana wajen da aka soka wayoyi da yadda aka yi saiti, domin famfo da fanka aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a tafiyar da su iri ɗaya.

Abin da ke cikin na'urar

Wanda ya san lagireton mota ya riga ya san rabin karatun. Akwai faifan jan ƙarfe da ke kwanciya a kan furosesa. A bayan faifan an yanka siraran layuka masu yawa, ruwa yana ratsa su yana ɗebe zafi. A yawancin na'urori famfon yana zaune ne a kan faifan nan, shi ke tura ruwan ta tiyo ɗaya zuwa lagireto, ya dawo ta ɗaya tiyon. Lagireton na alminiyam ne, fankoki suna hura iska ta cikin ganyayyakinsa. Da tsawonsa ake kiran na'urar: mai milimita 240 tana ɗauke da fanka biyu masu milimita 120, mai 360 tana da uku, mai 280 kuma tana da biyu masu milimita 140. Ruwan ciki an gauraya shi da sinadarin gilaikol da maganin tsatsa, saboda jan ƙarfe da alminiyam ba sa jituwa a ruwa ɗaya in babu kariya.

Ruwa ba ya shanye zafi ya ɓatar da shi. Ɗaukarsa yake daga ƙaramin wuri zuwa babban wuri inda iska za ta kwashe shi cikin natsuwa. Amfaninsa shi ne haƙuri: kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar zafi kusan ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska ke buƙata kafin ya hau digiri ɗaya. Furosesa takan yi tsalle daga digiri 40 zuwa 70 cikin daƙiƙa guda saboda an buɗe manhaja, amma ruwan sai ya ɗauki mintuna kafin ya ɗumama. A kan wannan bambancin aka gina duk dabarar rage ƙara.

Karanta rubutun jikin allo

A jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗe da shi, akwai ƙananan soket masu fil huɗu, kowanne da sunansa a rubuce a gefe da ƙananan haruffa. CPU_FAN na fankar furosesa ne, CPU_OPT kuma abokin tafiyarsa ne, yakan bi gudunsa. Na famfo ana rubuta masa AIO_PUMP ko PUMP_FAN ko W_PUMP, ya danganta da kamfani. SYS_FAN ko CHA_FAN na fankokin akwati ne.

Filogin fanka iri biyu ne. Mai waya uku yana da ta ƙasa, da ta wuta mai volt 12, da ta uku mai kai wa allo rahoton yawan juyi a minti. Irin wannan ana rage masa gudu ne ta hanyar rage ƙarfin wuta, abin da ake kira DC a saiti. Mai waya huɗu kuwa wutarsa tana nan a volt 12 kullum, waya ta huɗu ce ke kawo umarni, sigina mai kunnuwa da mutuwa kimanin sau 25,000 a daƙiƙa. Gwargwadon tsawon lokacin da siginar take a kunne, gwargwadon gudun fanka. Wannan shi ne PWM. Filogi mai waya uku yana shiga soket mai fil huɗu ba wahala, akwai ɗan harshen roba da ke hana a soka shi a juye. Sai dai a nan ake yawan yin tuntuɓe: fanka mai waya uku a soket ɗin da aka saita a PWM ba ta jin umarni, gudu kawai za ta yi ta yi a ƙure dare da rana.

Ina famfo, ina fanka

Ƙa'idar gajeriya ce. Famfo ya tafi soket ɗin famfo, fankokin lagireto su tafi CPU_FAN. Soket ɗin famfo yakan zo a saite a kan cikakken gudu, wanda shi ne abin da famfo ke so. Idan fankoki biyu ne ko uku, ana haɗa su da waya mai rassa da ke zuwa a kwali. Mai lura zai ga reshe ɗaya ne kawai ke da fil huɗu, sauran an cire musu ɗaya. Ba kuskuren kamfani ba ne: rahoton fanka ɗaya allo ke iya karantawa, in suka yi magana tare sai lissafi ya rikice. A kuma tuna cewa yawancin soket amfiya 1 suke ɗauka, don haka a duba rubutun bayan kowace fanka a tara kafin a jera su da yawa a wuri guda.

Idan aka juya, aka sa fankoki a soket ɗin famfo, za su yi ta ihu a ƙure. Idan kuma aka sa famfo mai waya uku a soket ɗin da ke rage wuta, lokacin da kwamfuta ke hutawa wutar za ta iya yin ƙasa har famfon ya tsaya cak, ruwa ya daina zagayawa. Allon da ba shi da soket ɗin famfo, sai a sa famfon a SYS_FAN a kafe shi a cikakken gudu.

Kada a bar CPU_FAN fayau. Alluna da yawa, musamman na ASUS, in ba su ji rahoton juyi daga wurin ba sukan tsaya tun wajen tashi su nuna saƙon matsalar fanka. Wasu na'urorin, irin wasu na Corsair da NZXT, tsarinsu daban ne: famfo yana shan wuta ta wayar SATA kai tsaye daga akwatin wuta, fankoki suna shiga jikin famfon ko wani ɗan akwatin sarrafawa, wata waya ta tafi soket ɗin USB na cikin allo don manhajar iCUE ko CAM, sannan siririyar waya ta rahoto ta tafi CPU_FAN. Littafin da ke cikin kwali shi ne alƙali. Wayar fitilun ado kuma a yi hattara da ita: akwai mai volt 5 mai fil uku, akwai mai volt 12 mai fil huɗu, kuma soka ta farko a gurbin ta biyu yana ƙone fitilun nan take.

Saiti a BIOS

Ana shiga BIOS, wato shafin saitin allo, da danna Del ko F2 lokacin da kwamfuta ke tashi. ASUS na kiran sashen fankoki Q-Fan, Gigabyte na kiransa Smart Fan. Abu na farko, a tabbatar kowane soket yana kan DC ko PWM daidai da filogin da ke jikinsa.

Famfo a ba shi gudu ɗaya da ba ya canzawa. Yawancinsu suna juyawa tsakanin sau 2,000 zuwa 3,000 da 'yan kai a minti. Kunnen mutum yana saurin sabawa da sautin da ke tsaye, amma sautin da ke hawa da sauka shi ke hana sakat. Idan siririn kukan famfo ya dami mutum a cikakken gudu, kuma kamfanin ya yarda a rage, sai a sauke shi zuwa kashi 70 ko 80 cikin 100 a bar shi a nan.

Fankoki su ne asalin masu surutu, kuma lissafinsu yana da daɗi. Idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta takan sauka da kimanin desibel 15, alhali ƙara fanka ta biyu irinta desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kunne kuwa yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Saboda haka fanka uku masu juyi 900 a minti sun fi fanka ɗaya mai juyi 1,800 shiru da kusan desibel 10, kuma sun fi ta tura iska. Wannan ne dalilin da babban lagireto ya fi ƙarami shiru.

A jadawalin gudu, mutum zai iya farawa da kashi 30 har zuwa digiri 55, kashi 50 a digiri 70, sannan ya hau sosai daga digiri 85 zuwa sama. A kuma saka jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi kafin fanka ta amsa canjin zafi, don kada ta riƙa zabura duk lokacin da aka buɗe shafin intanet. Na'urar da ke auna zafin ruwanta ta fi sauƙi: a ɗaura fankoki a kan zafin ruwan, tunda shi suke sanyayawa.

Iskar da ke cikin ruwa

Kowace na'ura tana da 'yar iska a ciki, kuma iska sama take nema. In famfo ne ya fi komai tsayi a zagayen, can za ta taru, a riƙa jin ɓul-ɓul ko ƙarar gurzawa, famfon kuma ya gaji da wuri domin ruwan ne ke sa masa santsi. Mafi kyau a ɗaura lagireto a rufin akwati. In a gaba aka sa shi, to samansa ya ɗara famfo tsayi, tiyo kuma su fito ta ƙasa in tsawonsu ya kai. Sabuwar na'ura takan yi ɗan ɓul-ɓul a kwanakin farko. A bar famfo a cikakken gudu, a ɗan karkata akwatin a hankali, iskar za ta koma lagireto. Kafin a ɗaura faifan, a ɓare ledar da ke manne a fuskarsa in akwai, a kuma ɗaure notinansa huɗu kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta. Ƙarar kakat-kakat kuwa waya ce ke taɓa fiffiken fanka, a ɗaure ta gefe.

Bazara da hunturu

Ruwan ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na iskar ɗaki ba. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, jadawalin da aka tsara a ɗakin da ke digiri 22 zai sa fankoki su wuni suna gudu. Mai tace fim ko mai ɗaukar murya a situdiyo gara ya ɗaga jadawalinsa da 'yan digiri a bazara, muddin furosesa ba ta kusa iyakarta. Da hunturu kuma ƙura takan toshe ganyayyakin lagireto, zafi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu. A kashe kwamfuta, a riƙe fiffiken fanka da yatsa don kada ya juya, a hure lagireton da bulowa.

Ruwan yana raguwa a hankali ta jikin tiyo tsawon shekaru, shi ya sa garantin kamfanoni da yawa ke tsayawa tsakanin shekara 3 zuwa 6. Idan tsohuwar na'ura ta fara ɓul-ɓul ba ƙaƙƙautawa, ko zafi ya yi sama alhali lagireto yana da tsabta, a duba juyin famfo a BIOS. In ya nuna sifili, ko tiyo ɗaya ya yi zafi ƙwarai ɗayan yana sanyi, ruwa ba ya zagayawa, kuma in wayar famfo da saitinsa suna daidai, babu abin da zai gyara wannan sai canza na'urar.