Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Dusar Ƙanƙara: Darasi Daga Masu Sassaƙa Allon Sulu

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar duwatsu, kamar Birnin Kudu, ya san wasan sulu. Yaro zai hau kan fa, ya zauna bisa wani faffaɗan dutse ko ɓallin itace, ya saki jiki ya sulalo ƙasa. Wannan wasa ya ja hankalin Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, wanda a cikin watan Yuni na 1955 ya rubuta labarin duwatsu masu amo kamar ƙararrawa a Birnin Kudu, kusa da kogunan da ke da zanen shanu na mutanen da. A 1957 ya buga maƙala a kan duwatsun nan masu amo da kuma wuraren da sulun yara ya goge dutse har ya yi santsi.

To, abin da mu muka bari a matsayin wasan yara, a ƙasashen sanyi ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Abin lura kuwa shi ne ba a manyan masana'antu ta soma ba. A bayan gida ta soma, a hannun mutane irin masassaƙanmu.

A can, mutane kan ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa su yi sulu bisa dusar ƙanƙara. Wani talakan manomi ɗan ƙasar Norway, Sondre Norheim, daga ƙauyen Morgedal, shi ne ya shahara wajen sassaƙa katakon da ya tsuke a tsakiya, ya faɗaɗa a kai da gindi, don ya yi sauƙin juyawa, har ya ci gasa a babban birnin ƙasar a 1868. A 1965 wani mutumin Michigan ta Amurka, Sherman Poppen, ya haɗe katakai biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa mata su yi wasa. Wannan shi ne mafarin allon sulu mai faɗi wanda ake tsayawa a kai da ƙafa biyu. A 1977 kuma Jake Burton Carpenter ya fara ƙera irinsa a wata rumfa a jihar Vermont. Shekara 21 bayan haka, wato 1998, aka shigar da wasan cikin gasar Olimfik ta lokacin sanyi a Nagano ta ƙasar Japan.

Har yau akwai masu ƙera wannan allo a gida. Da farko sai a auna tsawon mai hawa da nauyinsa, domin da su ake yanke tsawon allon da kaurinsa. Daga nan a tsaga itace siri-siri, a manne, a fere shi ya yi kauri a tsakiya, ya sirance a baki biyu, don ya lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Wannan ita ce zuciyar allon. A ƙasa a shimfiɗa roba mai santsi, a kewaye gefenta da siririn ƙarfe mai kama ƙanƙara in an zo kwana. Sama da ƙasan itacen a sa ƙyallen zaren gilashi, a jiƙe shi da gam mai ƙarfi. Sa'an nan a sa duka cikin mazubi, a matse. Masu ƙaramin ƙarfi kan yi amfani da mesar 'yan kwana-kwana, su hura mata iska har ta kumbura ta danne kayan daidai wa daida. In gam ya bushe, a yanke gefe, a goge. Kuskure kaɗan wajen awo, sai aikin mako guda ya tashi a banza.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da ƙanƙara a ƙasar da rana ke dukan ƙeya? Amsa ita ce 'yan Nijeriya sun riga sun shiga fagen. Seun Adigun, wadda ta jagoranci 'yan matan da suka wakilci ƙasar nan a wasan keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu a 2018, da hannunta ta haɗa keken katako a birnin Houston don su riƙa gwaji. A 2022 kuwa Samuel Ikpefan ya ɗaura katakan sulu da sunan Nijeriya a gasar Beijing.

Amma babban darasin yana gida. Je ka kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram, ko kasuwar Birnin Kudu, ka tsaya a layin masassaƙa. Da gatari da gizago suke fitar da turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata 'yar tsugunne, da ƙotar fartanya. Sun san ƙirya ce ke jure daka, sun san aduwa ce ke ba da allon almajiri. Manomi kan ɗaga ƙota ya jinjina, ya duba ko ta dace da tsawonsa kafin ya biya. Ashe awon da Bature ke yi da ma'auni, namu da ido da tafin hannu yake yinsa. Ilmin iri ɗaya ne.

Bambancin shi ne, nasu sun rubuta abin da suka gano, sun gwada, sun gyara, sun koya wa na baya. Namu kuwa ilminsa na cikin kansa, in ya faɗi ya tafi da shi. Ga kuma roba da ƙarfe sun cinye kasuwar akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, manyan itatuwa suna ƙarewa saboda gawayi da faɗaɗa gonaki. Nan ma akwai abin koyi: mai allon sulu ba ya bukatar gungume. Ƙananan tsage-tsage yake mannewa su ba da ƙarfin da ya fi na itace guda. In kafintocinmu suka ƙware a wannan dabara, guntayen katakon da ake zubarwa za su zama kujeru da bencin makaranta.

Tun da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 aka yi alkawarin koya wa yara aikin hannu, amma a makarantu da yawa injunan da aka sayo sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da malamai. Gizago kuwa ba ya jiran lantarki. Ya kamata hukumomin ilmi na Jihar Jigawa su gayyato dattawan masassaƙa cikin makarantu, ɗalibai su auna aikinsu, su zana, su rubuta. Ma'aikatan gandun daji kuma su tanadi irin ƙirya da aduwa da maɗaci a wuraren renon itatuwa.

Yaron da ke sulu a kan fa, ko yake haɗa motar kara a ƙofar gida, ya riga ya nuna inda hankalinsa ya karkata. Saura a miƙa masa ma'auni da zarto, a kuma ba shi malami tun masu sanin suna raye.