Dutsen Bagazam da Tarihin Gobirawa

Jama'a, duk wanda ya tsaya a Gidan Katta, a ƙasar Illela, ya fuskanci arewa, to yana duban hanyar zuwa ƙasar da kakannin Gobirawa suka fito. Hanyar ta ratsa Birnin Ƙonni da Tawa, ta isa Agadas bayan tafiyar fiye da kilomita 500. Arewa maso gabas da Agadas kuwa, cikin duwatsun Azbin, nan Bagazam yake, wato dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar Nijar. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,022.

Hawan Bagazam sai mai haƙuri. Gefensa a tsaye yake kamar ganuwa, hanyoyinsa 'yan ƙalilan ne, matsattsu, masu bin tsagin duwatsu. Da ƙafa ake hawa, jakai na ɗauke da kaya, kuma yakan ci wa mutum sa'o'i da dama. Amma in ya kai bisa, sai ya tarar da fili mai faɗi, da idanun ruwa, da ƙauyukan Abzinawa masu noman albasa da tafarnuwa da dankali.

To, wannan siffa ita ce mabuɗin tarihinsa. Dutsen da yake da ruwa a kansa, ga shi da wuyar hawa, birni ne da Allah ya gina. Labarin baka na Abzinawa ya ce rundunar Barno ta taɓa yi masa zobe, ta gaji ta koma.

Ina ruwanmu da wannan dutse? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya nuna cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin Abzinawa su rinjaye su, su gangaro kudu. Bature matafiyi Barth, wanda ya ratsa Azbin a 1850, ya ji irin wannan labari, ya kuma tarar ana jin Hausa sosai a can. Har yau Bahaushe in zai yabi doki na asali, sai ya kira shi Bagazam.

Saboda haka, ɗalibin tarihin Hausawa da ya tsaya a kan iyakar Illela, ya ce nan ƙasar bincikensa ta ƙare, ya bar rabin aikinsa. Turawa ne suka shata iyakar nan a farkon ƙarni na 20. Gobirawa kuwa sun riga ta da ɗaruruwan shekaru.