Yawon Gandun Daji da Mota Mai Ɗaki

Mota mai ɗaki babbar mota ce da aka ƙera cikinta domin a kwana, a dafa abinci, a yi wanka, a kuma kewaya, duk ba tare da an sauka ba. Wata girmanta bai wuce na bas ɗin Hiace da ke jigila tsakanin Katsina da Kano ba, wata kuwa ta kai tsawon manyan motocin safa. A ciki akwai gado, wanda sau da yawa da rana yake komawa kujera, da ɗan murhun gas, da firij, da wurin wanke kwanuka. A ƙarƙashinta akwai tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wuta kuma daga batir take zuwa, wanda injin motar ko farantin sola da ke kan rufi yake cajawa.

A Amurka da Turai ne wannan irin tafiya ta yi ƙarfi. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mai da ƙananan bas ɗin Volkswagen ɗakin kwana tun a farkon shekarun 1950, kamfanin Winnebago na jihar Iowa a Amurka kuma ya fitar da motarsa mai ɗaki ta farko a 1966, da farashin da ma'aikaci zai iya saye. Amma abin da ya ba harkar rai ya girmi motocin. A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone, dajin da ya kusa murabba'in kilomita 9,000, ta ce ba noma, ba sara, na kowa da kowa ne ya je ya gani. A 1916 aka kafa hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare, yau manyansu sun kai 63. A cikinsu da gefensu an tanadi filayen sauka. Matafiyi zai biya kuɗin kwana, a ba shi gurbinsa mai lamba, a wasu wuraren ya jona wuta da ruwa, kafin ya tashi kuma ya zubar da ƙazantar tankinsa a ramin da aka gina domin haka. Har akwai wani masauki a Yellowstone, Fishing Bridge, da ba a yarda a kafa tanti ba sai mota mai jikin ƙarfe, saboda dabbar beya da ke yawo a wurin da dare. Haka abin yake a Kruger na Afirka ta Kudu, wanda ya zama gandun ƙasa a 1926: masaukai masu shinge, ana rufe ƙofarsu da faɗuwar rana, wanda ya makara ya sha tara.

Bakatsine da ya karanta wannan ba zai ji baƙon abu ba, domin tsarin fatake ke nan. Ayarin da ke tashi daga Katsina zuwa Agadas ko Gwanja yana ɗauke da guzurinsa da shimfiɗarsa da salkar ruwansa, amma madugu ba ya tashi sai ya san zangon da za a yada gobe, da rijiyar da ke wurin, da sarkin da zai karɓi fito ya ba da kariya. Dabba da kaya na bafatake ne, zango kuwa na gari ne. Wanda ya sayi mota mai ɗaki a ƙasar da ba zango ya sayi rabin abu.

An taɓa ganin irin waɗannan motoci a ƙasar Hausa, kuma ba kaɗan ba. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sukan ɗauko Land Rover, ko bas ɗin Volkswagen, ko tsohuwar motar soja da aka sa wa kujeru, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka, su sauko Arlit da Agadas da Damagaram, su ɓullo Kano. A Kano akwai masaukin 'yan yawon buɗe ido a hanyar Bompai inda suke kafa tantuna suna gyaran mota, daga nan wasu su nufi Yankari, su wuce Kamaru. Wasunsu ma da Fijo suke zuwa, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan hanya. Masu ƙetaro Sahara da mota yanzu gabar yamma suke bi, ta Maroko da Muritaniya da Senegal. Ta nan Pelumi Nubi ta biyo a 2024, lokacin da ta tuƙo ƙaramar Fijo 107 ita kaɗai daga Landan zuwa Legas, tana kwana a cikinta.

To, mai irin wannan mota a Katsina, ina zai dosa?

Kafin a kai ga daji, jihar kanta tana da abin gani na yini ɗaya ko biyu. A cikin birni akwai hasumiyar Gobarau, da ragowar ganuwa da ƙofofinta irin su Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da ya zama gidan tarihi. A ƙasar Mani akwai kaburburan Durɓi ta Kusheyi, a Daura akwai rijiyar Kusugu, a Dutsin-Ma akwai duwatsu da madatsar ruwa ta Zoɓe. Sai dai duk waɗannan a je a dawo ne, ba su buƙatar gado a mota. Dajin da ya kamata a ce shi ne wurin shaƙatawar Katsinawa, wato dajin Rugu da ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da na Zamfara, ya daɗe da zama maɓoyar 'yan bindiga. Gandun ƙasa na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, kusa da jihar, shi ma haka. Gandun Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko a Najeriya tun 1979, ɓangarensa na Borgu ya sha fama da masu ɗauke da makamai. Ba wanda zai ba mai iyali shawarar ya kwana a ɗaya daga cikinsu.

Shi ya sa maganar takan koma Yankari. Daga Katsina za a bi ta Kankiya da Bichi a shiga Kano, tafiyar kusan kilomita 170. Daga Kano a bi Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun take, sannan a ƙara kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. Jimilla abin ya kusa kilomita 600. Direban haya zai ce yini ɗaya ya isa, amma mota mai nauyin tanki da kaya ba ta gudu, kuma tafiyar dare ba ta cikin lissafi, don haka a raba ta biyu a kwana a Kano ko Bauchi.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya zama gandun ƙasa a 1991, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Kogin Gaji ne ransa. Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun warwatsu, sai mutum ya yi yini bai ga komai ba sai birai. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara kuwa, tafkuna sun ƙafe, komai sai ya gangaro Gaji: ɓauna, gwanki, kanki, mugun dawa, dorina a cikin ruwa, kada a bakin gaɓa. Giwayen Yankari suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, amma ganinsu sa'a ce, kada a yi wa yara alkawari. Abin da ba ya saɓa alkawari shi ne maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall waɗanda mutanen dā suka fafe da hannu, da ragowar matoyar tama ta maƙeran zamanin da. Shiga daji kallon dabbobi da ɗan rakiya ake yi, kuma babbar mota ba ta dace da waɗannan turbobi ba. A bar ta a sansani a hau ta gandun.

Wani abu da duk wanda ya je Wikki zai faɗa maka shi ne fitinar gwaggon biri. Sun san leda, sun san kula, sun san buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Motar da ke da kicin a ciki kuwa ta zama musu kasuwa, tagar da aka bari a buɗe kafin a idar da sallah an kwashe burodi.

Game da motar kanta, shigo da ta Amurka ba dabara ba ce. Cikinta ya yi kusa da ƙasa, jelarta doguwa, ramin farko a hanya zai fasa mata tanki, kuma idan wani abu ya lalace ba bakaniken da ke da kayanta. Ga shan mai, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama babban kuɗin kowace tafiya. Abin da ya fi dacewa shi ne motar da kowane gareji ya sani, Hiace ko Hilux, a kai wa mai walda da kafinta su cire kujerun baya su yi gado da akwatuna. A sa sola da batir na biyu domin firij da fanka, a sa raga a tagogi saboda sauro, a ɗauki safaya biyu. Ruwa shi ne ma'aunin tafiyar: iyali mai mutum biyar da sha da girki da alwala da wanka, lita 100 ba ta kai su kwana biyu sai da tsimi. Tukunyar gas a ɗaure ta a tsaye inda iska ke shiga, kada kuma a kunna gawayi ko janareto a kwana da shi a rufe, domin hayaƙinsu yana kisa ba tare da an ji wari ba. Takardun mota su cika, su kuma kasance a kusa, domin motar da ke da labule da gado sai an tsayar da ita a kusan kowane shinge. Kwana kuwa, tunda ba filayen sauka irin na Kruger, a harabar otal mai maigadi ake yi, ko a gidan ɗan'uwa, ko a nemi izinin mai gari.

Ta arewa, Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba idan an bi ta Jibiya. A arewacin jihar Maraɗi, wajen Dakwaro, akwai gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955. A 2018 aka kai masa raƙuman dawa daga Kure, kusa da Yamai, inda irinsu na Afirka ta Yamma suka rage a duniya. A tsakiyar shekarun 1990 ba su fi 50 ba, kulawa ta sa suka haura 600. Harin da aka kai Kure a watan Agustan 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da zuwan baƙi can. Juyin mulkin Yulin 2023 kuma ya sa an rufe iyaka na tsawon watanni, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS. Mai niyyar tsallakawa da motarsa sai ya fara zuwa Jibiya ya tambayi direbobin Maraɗi da jami'an kwastan irin takardun da ake karɓa a wannan makon.