Gishirin leda da ƙarin ruwa: abin da ake faɗa, da abin da lissafi ya nuna

Da zarar damina ta kankama, amai da gudawa ya shigo, sai maganar ruwan gishiri da sukari ta dawo bakin mutane a Mashegu, Zugurma, Ibbi da Kaboji. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuma za su iya kai yaro kushewa.

Ana cewa: "Ledar ORS (garin ruwan gishiri da sukari) ai gishiri ce kawai, ka zuba ta a fiya wata ɗaya, ya fi ƙarfi." Wannan ƙarya ce mai haɗari. Ma'aikatan lafiya ba da cokali suke auna gishirin jiki ba, da milimol suke aunawa. Giram ɗaya na gishirin girki yana ɗauke da kimanin milimol 17 na sodiyam. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana da giram 2.6 na gishiri, wato milimol 44, sai sinadarin sitiret da ke cikinsa ya ƙara kusan 30, jimla 75 a lita ɗaya. Fiya wata rabin lita ce. Wanda ya juye ledar lita ɗaya a cikinta ya ninka ƙarfin zuwa 150, alhali jinin mai lafiya tsakanin 135 ne da 145. Yaron da ruwa ya riga ya ƙare a jikinsa zai iya kaiwa ga jijjiga. A duba jikin leda tukuna, don akwai ta lita, akwai ta rabin lita.

"Ƙarin ruwa ya fi ORS yawan gishiri" kuwa gaskiya ne. Ruwan da aka rubuta wa 0.9% yana da giram 9 a lita, milimol 154. Sai dai yawan bai sa ya fi ga kowa ba. Na wanda ya galabaita ne, ko ya kasa sha. Mai iya haɗiya, kofi ya ishe shi, duk da yadda muke raina asibitin da bai rataya mana ledar ƙarin ruwa ba.

Wasu takardun gwaji mEq suke rubutawa maimakon mmol (milimol), sai a ce wani asibitin ya yi kuskure. A sodiyam da fotashiyam lambar ɗaya ce. A kalsiyam ne milimol ɗaya yake zama biyu, nan ma'aikaci ke bukatar buɗe ido. Haka kuma giram na gishiri daban, giram na sodiyam daban: sodiyam bai kai kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri ba.

Kanwa fa? Ana ɗauka tana mayar da fotashiyam. Ba haka ba ne, akasarinta sodiyam ce. Likitocin Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego.

Mun ga inda irin wannan jita-jita ta kai mu a Agustan 2014, lokacin da aka baza cewa shan ruwan gishiri yana kare Ebola, har aka yi asarar rayuka.

Idan babu ledar ORS a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. Yaron da idonsa ya faɗa ko ya ƙi sha, a nufi asibiti da shi, ana ɗura masa kaɗan-kaɗan a hanya in yana karɓa.